Wa zai koya wa matasa sanin jikinsu: Islamiyya, zaman mako-mako, ko taron yini ɗaya?

A watan Nuwamba na 2022 Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ɗan Azare, ya umarci hukumar tsara manhajar makarantu, NERDC, ta cire darussan da suka shafi jima'i daga manhaja. Hujjarsa ita ce wannan aikin iyaye ne da malaman addini. Mutane da yawa a Bauchi da Gombe sun yi na'am da maganar, wasu ƙungiyoyi kuma suka yi masa ca. Ko kafin nan ma darasin ba wani ƙarfi gare shi a nan ba. Manhajar ilimin zaman iyali da cutar ƙanjamau da aka fitar a 2003 ta bai wa kowace jiha damar gyara ta daidai da al'adarta, kuma a makarantu da yawa malami yakan tsallake shafin da ya ga zai jawo masa magana. To, an ce aikin iyaye ne da malamai. Sun karɓa kuwa?

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Najeriya baki ɗaya, kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A Legas kashi 1 ne. A Bauchi kashi 41 ne, babu jihar da ta kai ta. Mafi yawan waɗannan 'yan mata a ɗakin aurensu suke. Don haka duk wanda ya ji an ce a koya wa matasa lafiyar haihuwa ya ɗauka ana nufin buɗe wa yara ido, ya bar inda matsalarmu take. Tamu matsalar ita ce amarya 'yar shekara 16 da ƙafarta ta kumbura, kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi a wata na takwas, ita da mijinta da uwar mijinta babu wanda ya san jijjiga ce ke tafe. Ita ce kuma wadda ta kwana biyu tana naƙuda a gida, daga baya aka kai ta asibitin yoyon fitsari na ƙasa da ke Ningi.

Kuma kada a ce yaran ba sa samun darasi. Ka tsaya minti goma a bakin kasuwar Muda Lawal ko wata tashar mota a Gombe inda mai maganin gargajiya ya kafa lasifika a kan motarsa. Zai ambaci gaɓoɓin da ba ka iya ambata a gaban ƙaninka, ya lissafa alamomin "sanyi" har sai kowa ya ji yana da shi, ya ce duk matashin da ya yi mafarki sau biyu a mako ƙarfinsa na tsiyayewa. Yarinya mai tallan gyaɗa tana tsaye da farantinta tana ji, ɗan makaranta da aka aika sayen albasa shi ma yana ji. Da dare kuma waya ta ɗora daga inda ya tsaya.

Wannan rubutu domin masu ƙungiya ne: ƙungiyar ci gaban unguwa, ta mata, ta tsofaffin ɗalibai, kwamitin masallaci ko na coci, waɗanda suka yarda a yi wani abu amma kuɗinsu kaɗan ne, mutuncinsu a unguwa kuma ba abin wasa ba ne. Hanyoyin da aka saba bi huɗu ne: taron wayar da kai na yini ɗaya, horar da matasa su koyar da 'yan uwansu, shigar da darasin cikin Islamiyya ko coci, da zaman mako-mako na ƙaramin rukuni ƙarƙashin jagora. Nauyinsu ba ɗaya ba ne, ni ma ba zan ba su wuri daidai ba.

Taron yini ɗaya shi ya fi farin jini, shi ne kuma ya fi cin kuɗi a banza. A kama zaure, a buga ƙyalle, a gayyato hakimi da matar shugaban ƙaramar hukuma, a yi awa biyu ana jawabin maraba, likita ya samu minti ashirin, a raba lemo da audugar mata, a ɗauki hoto. Wace yarinya ce za ta ɗaga hannu a gaban hakimi ta ce jininta na zuwa da guda-guda? A 2015 wasu masana, cikinsu har da na Hukumar Lafiya ta Duniya, sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban kan abin da ba ya aiki a wannan fanni, kuma irin wannan taro na manyan baƙi yana cikin jerin. Amfaninsa ɗaya ne: sanar da gari cewa masu gari sun sa albarka. In don wannan ne, a yi shi a ƙofar gidan mai unguwa bayan La'asar, ba sai an kama zaure ba.

Koyar da tsara ga tsara ya fi wannan ma'ana, kuma an daɗe ana yin sa. Masu yi wa ƙasa hidima sun shafe shekaru suna horar da ɗaliban sakandare kan ƙanjamau ta wannan hanya. Dalilin a fili yake: yarinya ta fi sakin jiki da ƙawarta a kan uwarta. Sai dai wannan nazari na 2015 ya gano cewa waɗanda suka fi amfana su ne matasan da aka horar ɗin kansu, waɗanda ake son su koya wa kuwa sauyin da ake gani a halayensu kaɗan ne. Ni ban yi mamaki ba. Horon kwana uku ba ya mayar da 'yar aji biyar ungozoma. Ranar da aka yi mata tambayar da ba ta cikin takardarta, za ta cike gurbin da abin da ta ji a gidan biki. Ga kuma sirri: abin da ka gaya wa tsaranka yau, gobe kuka yi faɗa, ya zama makami. Matasan nan suna da rana a wajen kira da rakiya, su jawo ƙawa zuwa zama, su raka ta asibiti. Amma a ɗora musu koyarwar gaba ɗaya, an ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu.

Gasar gaskiya tsakanin biyun da suka rage take.

Islamiyya tana da abin da babu wata ƙungiya da za ta saya da kuɗi. Iyaye da kansu suke tura yara, har su biya kuɗin wata. Akwai ta a kusan kowace unguwa, ta Izala, ta ɗariƙa, ta FOMWAN, ta wani malami shi kaɗai a zaurensa, kuma ba ta rufewa don wani tallafi ya ƙare. Abin da ya fi wannan, darasin yana cikin littafi tun tuni. Duk wanda ya karanta Ahalari ya bi ta babin haila da na jinin biƙi. Risala ta bayyana maniyyi da maziyyi da wadiyyi, kamanninsu da hukuncinsu, ba tare da kwana-kwana ba. Malaman Malikiyya sun lissafa alamomin balaga: mafarki, haila, ciki, tsirowar gashin mara, ko cikar shekara 18. Ummu Sulaim ta je gaban Manzon Allah (SAW) ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, sannan ta tambaya ko mace na wanka idan ta yi mafarki, aka ba ta amsa. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Wanda ya zo da waɗannan a hannunsa, babu uban da zai ce masa ya kawo baƙon abu.

Amma mu shiga ajin mu gani. Ɗalibai sun haura sittin a kan tabarma, 'yar shekara tara na gefen 'yar sha bakwai. Malam saurayi ne, bai fi shekara biyu da sauke karatu ba, wataƙila ma bai yi aure ba. An iso babin haila. Ya karanta Larabcin, ya fassara da sauri idonsa na kan littafi, 'yan bayan aji suna rufe baki da hijabi suna ƙyalƙyala. Ya ce, "Akwai tambaya?" Shiru. "To, mu je babi na gaba." An yi karatun, an kuma haddace, amma wadda jininta ya fara zuwa makon jiya ta koma gida ba ta san ko sau nawa za ta sauya ƙunzugu ba, ko ciwon marar da ke hana ta tsayuwa na kowa ne.

Akwai kuma giɓin da ba laifin malam ba ne, ba kuma laifin littafi ba, domin littafin hukuncin ibada yake bayarwa. Ahalari ya kasa mata uku a babin haila: mai farawa, wadda ta saba, da mai ciki. Ya ce mai ciki idan ta ga jini bayan wata uku za ta iya barin salla har kwana 15 da makamancinsu, bayan wata shida kuma kwana 20 da makamancinsu. Wannan amsar tambayar salla ce. A wajen ma'aikaciyar lafiya kuwa, duk jinin da mai ciki ta gani alamar haɗari ce, yana iya zama ɓari, ko mabiyiya ce ta tare hanya ko ta ɓalle kafin lokaci, kuma a ranar ake zuwa asibiti. Amaryar da ta san hukuncin kaɗai za ta iya zama a ɗaki tana lissafin kwanaki. Haka jinin biƙi: littafi ya ce iyakarsa kwana 60, amma zubar jini mai yawa bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu, jinin da ya zo da wari da zazzaɓi kuma ƙwayar cuta ce ta shiga mahaifa. Haka wadda jininta ya wuce kwana 15: ta yi wanka ta yi salla, gaskiya ne, sannan a duba ta, don jininta na ƙarewa. Babu saɓani tsakanin maganganun biyu. Matsalar ita ce ɗaya ake faɗa a bar ɗaya.

Ɓangaren maza ma haka yake. Yaro ya san bambancin maniyyi da maziyyi, amma bai san cewa ruwa mai kama da mugunya da ke zuwa da zafin fitsari cuta ce da ake ɗauka ta saduwa ba, kuma ƙwaya biyu daga kemis ba ta kashe ta, sai dai ta lafa ya kai wa matarsa. A garuruwan da ke bakin ruwa, irin kewayen dam ɗin Dadin Kowa da fadamun Katagum, yaro na ganin jini a ƙarshen fitsari, a wasu wuraren har ana ɗaukar haka alamar girma. Tsargiya ce, daga wanka a ruwan da ke da katantanwa masu ɗauke da ita, maganinta kuma sananne ne. Ciwo mai tsanani da ya taso farat ɗaya a maraina yana iya zama murɗewa, wadda in ba a yi aiki cikin kamar awa shida ba ana iya rasa ɗayan. Yaro nawa ne zai iya buɗe baki ya gaya wa babansa wannan da tsakar dare?

Saboda haka Islamiyya ita kaɗai rabin aiki ce. Gyaranta kuwa ba shi da tsada. A raba aji, mata daban maza daban, ƙanana daban manya daban. Malama mace ta ɗauki 'yan mata. Idan ta karanta babin ta gama, ma'aikaciyar lafiya daga asibitin mazaɓa ta zauna kusa da ita ta ɗora nata bayanin, a zama ɗaya, don yara su ga bakin manyan biyu ɗaya ne. A kuma ajiye kwali mai ƙaramar ƙofa inda kowa zai jefa tambaya a rubuce ba suna. Wannan ma yana da asali: Sayyidina Ali ya ji nauyin tambayar Annabi (SAW) hukuncin maziyyi saboda yana auren 'yarsa, sai ya tura Miƙdad ya tambaya masa. Irin tambayoyin da ke fitowa daga kwali ba sa fitowa daga baki: Malama, jini sau biyu a wata ɗaya ciwo ne? Gaskiya ne shan zaƙi yana ƙara shi? Nonona ɗaya ya fi ɗaya girma. Ana ɗaukar ciki a karon farko? Amsar ta ƙarshe e ce, har ma kafin yarinya ta ga jininta na fari, tunda ƙwai na riga jinin fita. A shekaru biyun farko kuma al'ada takan zo a birkice ba tare da wata cuta ba, amma wadda ta kai shekara 15 ba ta fara ba ya kamata a duba ta.

Inda za a ja daga shi ne tazarar haihuwa. Wani malamin zai karɓa, ya kawo hadisin Jabir cewa suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani na sauka, da ayar shayarwa shekara biyu a Baƙara. Wani zai ce a'a. Shawarata kada a fasa duka aikin saboda wannan babi. A kai shi ajin matan aure, inda ya fi dacewa tun farko, a bar ungozoma ta yi bayaninsa ga masu buƙata. Ga marasa aure kuwa, kamun kai shi ne tushen koyarwar, kuma faɗa musu gaskiyar yadda jiki ke aiki ba ya rushe shi. Hukumar UNESCO ta tattara bincike da yawa a 2009 da 2018, sakamakon kuma iri ɗaya ne: koyar da wannan ilimi ba ya sa matasa su fara saduwa da wuri, a wurare da dama ma jinkirtawa yake sawa.

A Kaltungo, Billiri, Tafawa Balewa da Bogoro, da unguwannin Kirista na cikin Bauchi da Gombe, coci ce ke riƙe da wannan matsayi, ta hanyar Zumuntar Mata, ƙungiyar matasa da Birged ta 'yan mata da ta maza. Suna da sa'a ɗaya, da wuya ka samu ikilisiyar ECWA ko COCIN mai girma da babu nas ko ungozoma cikin membobinta. Abin da suka rasa shi ne littafin da zai tilasta a iso babin, don haka sai an tsara shi da gangan, in ba haka ba zancen ya tsaya a "ku tsare kanku".

Sai dai duk kyan wannan hanya, tana isa ne ga wanda ke zuwa aji. Yarinyar ƙauye a Ganjuwa ko Dukku da ke tallan nono ko awara tun safe, wadda aka riga aka karɓi kuɗin gaisuwarta, ba ta cikin ajin. Nan ne zaman mako-mako ya fi.

Tsarinsa shi ne 'yan mata 15 zuwa 25 masu kusan shekaru ɗaya su riƙa haɗuwa sau ɗaya ko biyu a mako, na tsawon watanni, a wurin da iyaye suka yarda da shi: tsakar gidan mai unguwa, ko ajin firamare bayan an tashi. Mai jagoranta mace ce 'yar garin, ta girme su amma ba ta kai uwa ba, irin wadda za su kira Anti ko Yaya. Ba da zancen haila ake farawa ba. Ana koyon karatu da lissafi, ɗinki ko haɗa sabulu, a yi ɗan adashi, sai lafiyar jiki ta shigo a hankali bayan an saba. Cibiyar ilimin 'ya'ya mata da ke Zariya ta daɗe tana wannan a ƙauyukan Kaduna, shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Bauchi da Gombe suka shiga daga baya, shi ma yana da irin wannan zama a makarantun sakandare. Wanda ya ce tsarin na Turawa ne ya tuna da 'Yan Taru na Nana Asma'u a ƙarni na 19, inda jaji ke karɓo karatu ta kai wa matan ƙauyensu har gida.

Ƙarfinsa sabo ne. Yarinyar da ta yi wata huɗu tana zama da Anti ɗaya za ta iya tsayawa bayan an tashi ta ce, "Anti, ina son magana." Daga nan ake jin abin da kwali ma ba ya ɗauka: mai shagon da ke ba ta alewa yana rufe ƙofa, ko ɗan uwan da ke shigowa ɗaki da dare. Da can kaka da gwaggo ne ke jin irin wannan, tunda alkunya ba ta barin uwa ta zauna da 'yarta, balle 'yar fari. Yanzu ma'aikaci na haya a Tumfure ko Fadaman Mada, kaka na can ƙauye, gwaggo sai ranar biki. Ranar bikin kuma ake tara wa amarya nasiha da kayan mata a dare ɗaya, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Rauninsa kuɗi ne da juriya. Jagora na buƙatar horo na gaske, da alawus ko yaya yake, da wadda za ta riƙa leƙo ta. Da damina yara na gona. Ranar kasuwa uwa ba za ta saki mai talla ba, sai an zaɓi lokaci da shawararta. Harshe ma abin dubawa ne: a rugagen Dukku da Nafada Fulfulde ake so, a wasu wuraren Tangale, Tera, Bolanci ko Sayanci, domin yarinya na iya ciniki da Hausa amma ta kasa bayyana ciwonta da ita. Mafi muni, irin wannan zama yakan mutu ranar da mai ba da tallafi ya tattara kayansa. Bauchi ta ga shirye-shiryen lafiya na Amurka sun zo sun wuce, irin TSHIP da aka yi daga 2009 zuwa 2015, a farkon 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje kusan dare ɗaya, ayyuka da yawa suka tsaya cak. Islamiyyar unguwa ba ta ma san an yi ba.

Ga kuma zargi. Duk abin da ya tara 'yan mata a keɓe, ga baƙuwar mota na zuwa, sai an ce hana haihuwa aka zo yi. Kada a raina masu wannan tsoro. Mutane ba su manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, abin da ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003. Maganinsa a fara da iyaye mata: zama na farko nasu ne, a karanta musu duk abin da za a koyar, a bar ƙofa a buɗe ga duk uwar da ke son ta zauna ta ji. A je wa mai unguwa da liman kafin a tara ko yarinya ɗaya, a ce, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da muke so mu karantar, a duba mana."

Rediyo da waya ban sa su cikin gasar ba don ba sa tsayawa da ƙafarsu. Shiri a Globe FM ko Albarka a Bauchi, ko Progress da Amana a Gombe, yana sassauta zukatan iyaye, musamman in malami da likita suka zauna tare. Amma rediyo ba ya ganin fuskar yarinya. Zauren WhatsApp kuma yakan koma dandalin masu tallan magani cikin mako biyu in babu mai tsaro, kuma yawancin 'yan matan da suka fi buƙata wayar ba tasu ba ce.

To, wanne za a ɗauka? In kuna cikin gari, Jahun ko Bolari ko Azare, yaranku na zuwa Islamiyya ko coci, kuɗinku kuma na karo-karo ne, ku ɗauki hanyar Islamiyya da ma'aikaciyar lafiya. Abin da za ku kashe bai wuce kuɗin motarta da ɗan abin hasafi ba, kuma ko kun gaji aikin na iya ci gaba. In kuna inda 'yan mata ba sa makaranta kuma ana aure da wuri, zaman mako-mako ne kaɗai zai isa gare su. Ku fara da rukuni ɗaya da za ku iya riƙewa shekara guda da kuɗinku, maimakon goma da za su watse bayan Sallah, kuma ku ware na amare daban, da yardar mazajensu, domin su ne ke bakin haɗari yanzu. In wata ƙungiya ta ba ku tallafin shekara ɗaya, ku zuba mafi yawansa a horar da malamai mata da jagororin da ke zaune a garin, waɗanda za su rage bayan an rufe asusun. Kuma ku fara da ƙanana, 'yan 10 zuwa 14. Kowa na rububin 'yan 18, alhali su sun riga sun ji komai daga wani wurin.

Don buɗe ƙofa, akwai batutuwa biyu da ba sa tayar da ƙura. Ɗaya gwajin jini kafin aure: idan mai AS, wato mai ɗauke da gadon sikila amma ba ya ciwon, ya auri mai AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila, kuma amfanin sanin haka tun kafin soyayya ta yi nisa ne, ba ana saura mako guda ɗaurin aure ba. Na biyu allurar HPV mai kare sankarar bakin mahaifa, wadda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a watan Oktoba na 2023. Bauchi na cikin rukunin farko, Gombe ta bi a 2024. Daga bayanin mece ce mahaifa da inda bakinta yake, sauran darasin ya samu hanya.

Samari fa? Kusan kowane shiri 'yan mata yake bi, alhali saurayin nan shi ne mijin da gobe zai ce a je awo ko kada a je. Ba za su zo zaman tabarma ba. A same su inda suke: ƙungiyar ƙwallo, majalisar mai shayi, garejin da suke koyon aiki. Kocin unguwa da suke jin maganarsa, in aka haɗa shi da ma'aikacin lafiya namiji da wani malami mai sakin fuska, zai yi abin da lacca ba ta yi. A yi musu zancen tramadol da maganin ƙarfin maza da suke sha ba likita, da hotunan batsa da ke koya musu ƙarya game da jikin mace da nasu, da alamomin haɗari ga mai ciki: jini, kumburi, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, zazzaɓi, naƙudar da ta wuce awa 12.

Kowace hanya kuka bi, ku rubuta doka tun ranar farko cewa babu namijin da zai keɓe da yarinya, ko malami ne ko shugaban ƙungiya, domin wani lokacin ɓarnar daga cikin gida take fitowa. Ku kuma shirya wa ranar da yarinya za ta ce an taɓa ta. Asibiti ne farko, kafin zaman sulhu da kafin ofishin 'yan sanda: maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana biyar, kuma gara a je ba a wanke tufafin ba. Dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda jihohin biyu suka amince da irinta, ta sa fyaɗe cikin manyan laifuka, ba abin da ake kashewa a zaure da goro ba ne. Jagora kada ta yi alƙawarin rufe sirrin da rufe shi zai bar yarinya a hannun mai cutar da ita.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne asibitin kansa. Kun koya wa budurwa cewa in ta ga ruwa mai wari ta je a duba ta. Ta je, mai ba da kati ta ɗaga murya a gaban layin masu awo ta ce, "Ke da ba ki da aure me ya kawo ki nan?" Ba za ta sake komawa ba, ƙawayenta ma haka, kemis da mai lasifika sun samu kasuwa. Kafin ku fara darasi ko ɗaya, ku je da shugaban kwamitin lafiya na mazaɓa ku zauna da mai kula da asibitin. Ku tsayar da rana da awa da matasa za su riƙa zuwa, wadda ba ta faɗo ranar awo ko rigakafi ba, ku san sunan ma'aikaciyar da za ta karɓe su da ɗakin da za a gan su, ku kuma tambayi abin da ake biya da abin da yake kyauta, don jagora ta faɗa wa yara tun kafin su taka.